Abin da Aka Yi wa Lawali a Filin Gusau

Daga Bungudu

Zuwa ga Yayana Malam Garba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, yaya jiki, yaya iyali da zaman Legas? Mu nan lafiya lau, ƙafar Inna ma ta yi sauƙi.

Yaya, raina a ɓace yake. Makon jiya aka zo Gusau zaɓen yaran da za a kai gwajin ƙungiyar ƙwallon ƙasa ta 'yan ƙasa da shekara sha bakwai, wadda muka ji a rediyon Baba muna yara ta ɗauko kofin duniya. Ni na kai ɗana Lawali, ɗanka. Wallahi ya buga, har 'yan kallo suka riƙa kiran sunansa.

Da aka tashi, mai zaɓen ya dube shi sama da ƙasa, ya ce, "Wanga ya yi tsawo, ya wuce shekarun." Na ce, "Malam, ni na yanka ragon sunansa!" Ko kallona bai yi ba. Ka san wa ya ɗauka? Wani ɗan acaɓa na Tsafe da na ci tuwon bikinsa bara, ya aske gemu tas. In haka ake zaɓe, kada kowa ya tambayi dalilin da kofin ya daina zuwa gida.

Lawali bai yi kuka ba, amma tun ranar bai sake taɓa takalmansa ba. Don Allah ka kira shi, maganarka yake ji. Ka sa shi a addu'a, ka gai da Hajara da yara.

Ƙanenka,
Sani