Ruwan da Kwamfutarku Ta Gani a Layinmu na Jikwoyi

Zuwa ga Mai Girma Darakta, ofishin binciken sauyin yanayi a manyan birane, Abuja.

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ranka ya daɗe, da fatan iyali lafiya, da sanyin ofis. Mai wannan takarda Farfesa ne kuma Dakta, Shugaban Majalisar Masana Damina ta Ƙasa baki ɗaya. Ba kasafai nake rubuta wa daraktoci ba, yawanci su ke nemana. Amma abin da ya faru a Jikwoyi ya sa na ajiye girma.

Na ɗaya. Bara ma'aikatanka suka kafa gwangwanin auna ruwan sama, mai mazurari a ka, a bayan masallacin layinmu, taku uku daga inda ake alwala. Suka ce kowace safiya a duba, a aika musu da lambar awon ta wayar salula, kwamfuta za ta haɗa da na sauran unguwanni ta faɗi yadda damina za ta kasance nan gaba. Suka damƙa aikin ga Baba Danlami mai gadi, mutumin da bai taɓa yin ƙarya ba, bai kuma taɓa zargin kowa da ita ba.

Na biyu. Gwangwanin nan ya riƙa samun ruwa har a tsakiyar rani. Kurudu da ke maƙwabtaka da mu ko ɗigo babu, ƙasarmu a bushe ƙamas, amma Baba Danlami sai ya leƙa bayan sallar asuba ya ce, “Ikon Allah! Jiya ma an yi ruwa, ni kaɗai ban ji ba.” Ya aika. Kwamfutarku ta haɗiye. Babu wanda ya taso daga ofis ya taɓa ƙasar da hannu. Da aka tambayi wata ma'aikaciyarku, cewa ta yi lungunmu yana da yanayinsa na musamman, ta kawo wani dogon Turanci.

Na uku, kuma shi ne ya hana ni dariya. Taswirarku ta fito, layinmu ja wur, wai ambaliya za ta cinye shi. Makon jiya masu rusau suka bi taswirar suka shafa jan fenti a bangon shagon abincin Mama Ladi, don yana bakin kwalbati. Matar nan da tukunyar shinkafa ta yi wa 'ya'ya huɗu makaranta. Ta riƙe rigar mai fentin tana cewa, “Oga, shekara nawa ina nan, ruwa ba ta taɓa shiga shago na ba!” Ya ce ba shi ba ne, kwamfuta ce. Tun ranar ba ta ɗora tukunya ba.

Ba na cewa aikinku banza ne. Zafi ya ƙaru, kowa ya shaida, ruwa kuma yana zuwa ba a lokacinsa ba. Amma na layinmu ba daga sama ya zo ba. Daga buta ya zo.

Roƙona, ranka ya daɗe: a cire lambobin Jikwoyi a sake lissafi. A rubuta wa masu rusau kafin motarsu ta iso. A ɗaga gwangwanin zuwa saman rufi. Kada kuma a taɓa aikin Baba Danlami, abin da ya gani ya faɗa.

Allah ya ƙara maka girma, ya tsare ka da sharrin mai buta. Wassalam.

Sai abu na ƙarshe. Babu Farfesa, babu majalisa. Na san in na sa sunana a sama, ba za ka kai layi na biyu ba. Habu ne, mai facin taya a bakin titin Karshi, allo kawai na yi. Ni nake juye ragowar ruwan alwalata a gwangwanin, wani lokaci rabin buta, don in ga Baba Danlami yana kallon sama yana salati. Na faɗa masa jiya, har yanzu bai amsa gaisuwata ba. Mama Ladi ce ban iya tunkara ba. In hukunci ne, ina wurin aikina kullum, a zo a same ni. A dai fara goge mata fentin.