Kukan da na yi a zauren makaranta ya zama bidiyon kamfen

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin a taimaka a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, duk wanda zan iya kai wa kukana yana cikin maganar, shi ya sa na zo nan.

Ni ɗaliba ce a wata kwaleji a yankin Funtua, ƙauyenmu yana ta bayan Maska. Bara da kaka 'yan bindiga suka kashe yayana a gona, ya je karyar masara. Shi ne yake kawo ni makaranta a babur ɗinsa duk farkon zango. Tun daga lokacin ba na iya jin ƙarar babura da yawa a haɗe, sai gabana ya yi ta faɗuwa. Na yi ta ɓoye abina har aka fara kamfen. Wata rana muna cikin lakca ayarin wani ɗan takara ya wuce ta bakin makaranta, babura da hon da ihu, ban san lokacin da na shige ƙarƙashin benci ba, aji duka suna kallona.

Ƙawata da muke ɗaki ɗaya, zan kira ta Maryam, ita ta ja ni zuwa ofishin ba ɗalibai shawara. Malamar da ke wurin 'yar Malumfashi ce, Kirista, kuma wallahi ban taɓa ganin mai saurare irinta ba. Ba ta ce mini in yi haƙuri kawai ba kamar yadda kowa yake cewa, ta bar ni na yi maganar da ban taɓa yi a gida ba. Daga baya ta gayyace ni zauren tattaunawa da take shiryawa duk Laraba bayan la'asar, saboda ɗalibai sun fara zage-zage a kan jam'iyyu har da dambe. Dokar wurin ita ce ba a fito da waya, ba a kiran sunan ɗan takara, abin da aka faɗa kuma a ɗakin yake tsayawa. A can na gane ba ni kaɗai ba ce, akwai yara daga wajen Dayi da gidajensu suka tashi gaba ɗaya. Sannu a hankali barci ya fara dawo mini, na koma cin abinci.

Wata Laraba aka tambaye mu me muke so daga wanda za mu zaɓa. Na tashi na ba da labarin yayana, na kira sunansa, na ce an yi ta kiran jami'an tsaro a waya ranar ba wanda ya zo, mazan gari ne suka ɗauko gawarsa a amalanke. Na ce masu mulki da masu neman mulki duk sun zo ta'aziyya da fosta a jikin motocinsu, ba wanda ya sake waiwayarmu. Ina faɗa ina kuka.

Ba a yi mako ba bidiyon ya bazu. An yanke inda na haɗa da 'yan adawa, an bar rabin farko, an sa waƙar ɗan takarar adawa a ƙasa. Da na kalla na ga daga kujerar da ke gefena aka ɗauka, kuma Maryam ce a wurin. Na tambaye ta, ba ta musa ba, ta ce wa saurayinta kaɗai ta tura don ya ga abin da nake fama da shi, ba ta san zai kai wa mutanen kamfen ba. Ta durƙusa tana kuka tana roƙona. Shekararta ta ƙarshe ke nan a makaranta.

Baffana, wan mahaifina, shi ne shugaban jam'iyya mai mulki a mazaɓarmu. Ya zo har makaranta ya same ni a bakin get. Bai zage ni ba, gara ma da ya zage ni. Ya ce shi ya yi ta zarya har aka ajiye mana motar jami'an tsaro a bakin gari, yanzu kuma manya sun kira shi suna cewa 'yarsa tana ci musu mutunci, an fara maganar ɗauke motar, ga shi an kusa fara karyar masara. Ya ce, “Ki yi wani bidiyon, ki ce koya miki aka yi. Shi yayan naki ya riga ya tafi, ki duba waɗanda suka rage.” Babana da na kira shi cewa kawai ya yi in bi abin da Baffa ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa.

Washegari matar yayana ta kira ni. Ta ce ta kalli bidiyon ta nuna wa yaransa, ta ce tun da aka rufe shi ba wanda ya ƙara kiran sunansa a gaban mutane sai ni, Allah ya yi mini albarka. Na kasa gaya mata abin da ake so in yi.

Ita kuma hukumar makaranta ta ce ko a kawo sunan wanda ya ɗauki bidiyon ya fuskanci kwamitin ladabtarwa, ko a rufe zauren. Malama ta kira ni ta ce ba za ta matsa mini ba, ko me na zaɓa ofishinta a buɗe yake gare ni. Amma na ga yadda ta rame, kuma Larabar da ta wuce kusan ba wanda ya buɗe baki a zauren, kowa yana kallon hannun na kusa da shi ko akwai waya.

Yanzu haka ni da Maryam muna ɗaki ɗaya, gaisuwa kawai ke haɗa mu, faɗuwar gaban nan kuma ta dawo. Baffa ya ce zai dawo ranar kasuwa da wanda zai ɗauki bidiyon.

In faɗi sunan Maryam a kore ta, ko in yi shiru a rufe wurin da ya taimaki irina? Shi kuma bidiyon, idan na ƙi yi aka ɗauke motar, aka taɓa ko mutum ɗaya a gona, da wane ido zan shiga garinmu? Idan kuma na yi, don Allah ku gaya mini, me zan ce wa yaran yayana ranar da suka ga gwaggonsu tana cewa labarin babansu koya mata aka yi?