Wuyan Hannun Bilkisu

Daren Laraba, Birnin Zariya

Maƙwabcina Malam Sani ya gaya wa mutane a masallaci cewa an kori jikata Bilkisu daga sansanin ƙwallon 'yan mata saboda ƙaryar shekaru. Wannan ba daidai ba ne. Na'ura ce ta ɗauki hoton ƙashin wuyan hannunta, likitoci suka ce ya riga ya haɗe, wai ta haura sha bakwai, ba za ta buga gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara sha bakwai ba.

Shekarunta sha shida. Ni na yi mata huɗuba, ni na yanka ragon sunanta. Na kira kocinsu na yi masa bayani dalla-dalla, ya ce, “Baba, ƙashi ake tambaya, ba kaka ba.”

Kullum da tsokana take shigowa: “Tsohon mijina, ina cefane?” Yau durƙusawa ta yi, ta ce, “Alhaji, ko kai ma kana shakka?”

Ya Allah, wa zan kai wa ƙara? Jibi jirginsu zai tashi.

Na haɗa da wannan shafi hoton ƙashin, da hoton ranar sunanta, inda hannun nan yake riƙe da yatsana.