Tsuntsun Agogon Kafil Ya Yi Shiru

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya ƙafar Inna?

Hankalina a tashe yake. Korona ta tsare kafil ɗina, maigidan da ya ɗauko ni aiki nan ƙasar waje, a Jamus, ya bar min gadin gidansa a unguwar Thumama. Akwai agogon kakansa na katako, wanda tsuntsu ke leƙowa yana kuka duk awa. Kewar gida ta sa na murɗa hannunsa baya, zuwa lokacin Kano. Sai ji na yi ƙas! Da na buɗe, ashe 'yan zuga-zugi ne ke kukan, irin na maƙerar Baba, wayarsu ta karye.

Juma'a zai dawo. Kai ne mai gyaran agogo, ya zan yi? Gaida kowa. Inna ta sa ni a addu'a, amma kar ka faɗa mata dalili.

Ƙaninka,
Bashir