Hirarrakin Karare Sun Ɓata

Zuwa ga Yaya Fauziyya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigida da yara. Yaya ƙafar Inna? Yaya mutanen Batsari? Ni lafiyata lau, sai dai raina a ɓace yake.

Kin san hirarrakin da na yi da manoman Karare kan irin gero, waɗanda karatuna ya dogara a kansu. Duk na ajiye su a shafin da jami'armu ta buɗe don ayyukan ɗalibai. To, jami'ar ta kwashe komai daga injinta na ajiyar bayanai ta mayar hannun wani kamfani a intanet. Da na buɗe sabon shafin, nawa babu. Na je ofishinsu, ma'aikacin ya ce, "Abin da aka shekara ba a taɓa ba, ba mu kwashe ba. Ai mun aika sanarwa."

Na ce, "To tsohon injin fa?"

Ya ce an goge shi. Ko haƙuri bai ba ni ba, Yaya.

Kada ki damu, malamina ya ƙara mini lokaci. Don Allah ki roƙi Kawu Sahabi, in hanya lafiya, ya je Karare ya ɗauko mini muryoyin dattawan a waya. Zan turo tambayoyin.

Abin da ya fi ƙona mini rai, har da hirata da marigayi Baba a ciki. Kada ki faɗa wa Inna tukuna, don na yi mata alkawarin za ta sake jin muryarsa.

Allah ya bar zumunci.

Ƙaninki,
Huzaifa