Takunka a Kan Katakon Layi

Malam,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, da fatan kana cikin rahamar Ubangiji. Na san babu mai kai maka wannan takarda, ba kuma za ka taɓa karanta ta ba. Ko da kana nan ma, da ka laluba tabarau ka rasa, ka ce in karanta maka. Amma ni kaɗai ce a ɗakin nan namu na unguwar Ruwais, maganar kuma ta yi mini nauyi a ƙirji.

'Yarmu Ummi da mijinta suna lafiya. Khala Asiya, wadda take aiko maka da kunun gyaɗa duk Juma'a, tun da aka rushe unguwar Karantina ta koma Kurayyat wajen ɗanta. Yanzu sai a waya muke gaisawa, rabi Hausa rabi Larabci kamar yadda ta saba. Mai gasa burodin tamis na ƙasan benenmu ya daɗe yana tambayata ina Hajji, wato kai. Na gaya masa rasuwarka sau biyu, ya manta, na ƙyale shi.

Babban labarin shi ne asibiti ba za su sabunta mini kwantiragi ba. Sun ce shekaruna sun kai. Iƙamata, takardar izinin zamana a ƙasar nan, za ta ƙare ƙarshen watan gobe, an riga an fara yi mini takardar fita ta ƙarshe. Za ka yi dariya, ko? Shekara tara kana cewa mu koma Zariya, ina ce maka bari a ƙara shekara ɗaya. Ga shi shekara ɗayar ta ƙare, ba kuma ni na ƙarar da ita ba.

Kafin wannan labari ya zo na yi hutu, na je Ingila wajen Ummi. Da safe duk su fice aiki su bar ni da talabijin. Ta ce akwai hanyar tafiya a bayan gidansu, in riƙa miƙe ƙafa saboda sukarina. Ba ta gaya mini ko wace irin hanya ba ce, ina jin ita ma ba ta damu ta sani ba. Na sa rigar sanyi a kan abaya na fita.

Ban yi nisa ba na tsaya. Hanyar ba ta da kwana mai kaifi, ba ta da hawa mai wahala. Inda ta tarar da tudu ba ta hau shi ba, tsaga shi aka yi ta ratsa ta tsakiya. Na shiga ƙarƙashin wata gadar bulo, na ɗaga kai, na ga baƙin hayaƙi har yanzu a manne. Wallahi a fili na ce wannan layin dogo ne. An cire ƙarfen, an shimfiɗa kwalta, an bar wa masu tafiya da masu keke. Wa ya koya mini in gane? Kai ne, da surutunka na cewa jirgi ba ya son hawa, ba ya son kwana. Shekara talatin ina nuna maka ba na saurara, ashe duk yana shiga.

Kullum na riƙa ƙara nisa. Na ga kwalbatin da ciyawa ta toshe, na ce da Malam ne da tuni an rubuta rahoto. Na ga wani ɗan guntun dutse mai lamba a gefe, irin wanda kake ƙirga mil da shi tsakanin Zariya da Funtuwa. Turawa suna wucewa da karnukansu, su yi mini murmushi. Babu wanda zan nuna wa abin da nake gani, sai in yi ta magana ni kaɗai kamar taɓaɓɓiya.

A rana ta biyar na isa wata tsohuwar tasha. Dandamalin yana nan, an sa benci a kai. A gabansa sun bar ɗan guntun layi don tarihi, da ƙarfensa da katakonsa da tsakuwarsa. Na duba ban ga kowa ba, na sauka na taka katako na farko. Na nemi in yi takuna na kullum, ƙafata ta faɗa cikin tsakuwa. Katakon sun yi kusa da juna, tsallake ɗaya kuma ya fi ƙarfina. Dole na gajarta taku, dole na sunkuyar da kai ina kallon inda zan sa ƙafa. Ina cikin haka wani mai keke ya kaɗa ƙararrawa a bayana, na yi firgigit na waiga.

Malam, tafiyarka ce. Gajeren takun nan, da sunkuyar da kai, da waigen nan na mai gudun kada jirgi ya zo masa ta baya. Na zauna a bencin na yi kuka har wata tsohuwa ta miƙo mini hankici.

Ka tuna mamsha, hanyar tafiyar nan ta bakin teku da muke zuwa bayan la'asar? Kana tafe ƙis-ƙis, kanka a ƙasa, kana waige, ni kuwa kunya ta ishe ni. In na hango abokan aikina sai in ƙara sauri in yi gaba, kamar ba tare muke ba. Ka lura, na san ka lura. Wata rana na ce maka ka riƙa tafiya irin ta mutane, ka daina yi kamar wanda allura ta faɗi masa. Washegari ka ce gwiwarka na ciwo, daga nan ba ka sake fita tafiyar ba. Ni da nake jinyar mutane shekara da shekaru, na san gwiwar nan lafiyarta lau. Maimakon in ba ka haƙuri, sai na sayo maka man zafi. Kwalbar tana nan a kan firij, ko buɗe ta ba ka yi ba.

Shekara ashirin da wani abu ka yi kana taka layi da guduma a kafaɗa, kana neman notin da ya kwance don kada jirgi ya kife da bayin Allah. Da wannan takun ka ciyar da mu, da shi na yi makarantar jinya. Ka yi ritaya, na kawo ka garin da ba ka da layi ba ka da aboki, na sa sunanka a ƙarƙashin iƙamata, sannan tafiyar da ta rage maka ita ma na hana ka. Me ya sa ba ka yi mini faɗa ba? Da ka yi, da ya fi mini sauƙi.

Ban san inda kabarinka yake ba. Maza suka ɗauke ka daga masallaci, mata ba sa shiga, kaburburan kuma ba suna. Shekara biyu ina samun sanyi da cewa dai gari ɗaya muke kwana. Yanzu wannan ma za a karɓe. Ni na kawo ka, ni ce kuma zan tafi in bar ka.

Jiya bayan la'asar na je maƙabartar. Na fara daga kusurwar katangar, na bi ta da gajeren taku, kaina a ƙasa, har na zagayo inda na faro. Masu motoci suna kallona, ban damu ba. Tunda na bi ta duka, na san akwai inda na wuce kusa da kai, ko da ban san wurin ba. Da na kai bakin titi na waiga, kamar yadda kake yi.

Ka yafe mini, Malam. Zariya zan fara zuwa, in taka maka layinka ko da katako goma ne. Allah Ya haskaka makwancinka, Ya haɗa mu inda ba a neman iƙama. Sai na zo.

Taka,
wadda kake tsokana da Sista