Katako da Burushi

Yaya Marleni,

Gaisuwa daga Santiago. Ya Mama da yara? Mijinki dai ya daina ƙona rogo?

Ni ƙalau nake, kar ki damu. An yi min gwajin kansar bakin mahaifa da abu biyu, wai a ga wanne ya fi: ɗan katako mai shafo bakin kawai, da burushi mai shiga can ciki. Na katakon ya fito fes. Da nas ta duba na burushin sai ta daina dariya, ta ce, "'Yata, dawo Litinin, kar ki zo ke kaɗai."

Yaya, ran da aka ce Mama lafiyarta lau, da wanne aka gwada ta? Jinin nan da ke zubo mata ya tsaya kuwa? Don Allah kira ni yau.

Ƙanwarki,
Yesenia